Kallon Tsofaffin Ƙungiyoyin Kiɗa Ido da Ido: Daga Rolling Stones Zuwa Gurmin Haɗejiya

Yawancinmu a waya muka san kiɗa. Ka je wurin masu turi a bakin kasuwa su cika maka memori, ko ka sauke a intanet, ka toshe kunne ka yi ta ji. Amma akwai wani nau'in jin kiɗa da waya ba ta bayarwa, wato ka tsaya a gaban mutanen da suka shekara talatin ko arba'in suna kiɗa tare, ka ga yadda ɗaya ke ɗaga gira sauran su juya salo ba tare da an ce uffan ba. Hausawa suka ce gani ya kori ji.

Wannan bayani ne a kan irin waɗannan tsofaffin ƙungiyoyi: na rok a ƙasashen Turawa, na jita a Nijar da Sahara, da kuma namu na gida, musamman a Haɗejiya da garuruwan fadamarta. Za mu duba su wane ne, a ina ake ganinsu, da abin da ya kamata mai kallo ya lura da shi.

Mene ne rok, kuma wace ce tsohuwar ƙungiya?

Rok kiɗa ne da ya taso a Amurka a shekarun 1950, tushensa kuma kiɗan baƙaƙen fatar ƙasar ne, musamman bulus. Su Chuck Berry da Elvis Presley ne suka fara fito da shi, sannan samarin Ingila suka ɗauka a shekarun 1960 suka watsa shi duniya. Ƙungiyar rok ba ta cika wuce mutum huɗu ko biyar ba: mai waƙa, mai jitar lantarki ɗaya ko biyu, mai jitar bes wadda ke ba da amo mai kauri, sai mai ganguna. Kowa da hannunsa yake kaɗa nasa a gaban jama'a.

Idan aka ce tsohuwar ƙungiya, ana nufin wadda ta daɗe har waɗanda suka fara jinta suna samari yanzu sun zama iyaye ko kakanni, kuma har yau tana hawa dandamali. Abin da ke sa kallonsu ya yi tsada abu biyu ne. Na farko ƙwarewar da daɗewa tare ke kawowa. Na biyu kuwa kowa ya san lokaci na ƙurewa, wasan da ka gani bana yana iya zama na ƙarshe.

Manyan na waje a taƙaice

Rolling Stones. An kafa ta a Landan a 1962. Mick Jagger mai waƙa da Keith Richards mai jita duk haihuwar 1943 ne, amma a 2023 sun fitar da sabon kundi mai suna Hackney Diamonds, a 2024 kuma suka yi rangadin filayen wasa a Arewacin Amurka suna da shekara tamanin. Mai gangarsu Charlie Watts ya rasu a watan Agustan 2021, Steve Jordan ya hau kujerarsa.

Led Zeppelin. Sun watse a 1980 bayan rasuwar mai gangarsu John Bonham. Da suka sake haɗuwa don wasan dare ɗaya a Landan a Disambar 2007, ɗansa Jason Bonham ne ya zauna a kan ganguna.

Queen. Mai waƙarsu Freddie Mercury ya rasu a 1991. Sauran sun ci gaba, kuma tun 2011 Adam Lambert ne ke riƙe musu makirfo.

Black Sabbath. Ranar 5 ga Yulin 2025 mutum huɗun da suka kafa ta suka yi wasan bankwana a filin Villa Park da ke garinsu Birmingham. Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa saboda rashin lafiya. Ranar 22 ga watan ya rasu, kwana goma sha bakwai ke nan tsakani. Wanda ya ce bari sai wani karo, to ya rasa ke nan har abada.

Kada wani ya ɗauka rok bai taɓa taka Najeriya ba. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya zauna a Legas, kuma ya yi kundi tare da Fela a 1971. Paul McCartney na Beatles a Legas ya ɗauki yawancin kundinsa Band on the Run a 1973. A shekarun nan an yi ƙungiyoyin rok na 'yan ƙasa irin su BLO da Ofege da Funkees. A Arewa kuma Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya riƙe babbar ƙungiya a Kaduna mai jita da ƙahonni da ganguna, yana waƙa da Hausa.

Rok ɗin da ke maƙwabtaka da mu

Ɗan Haɗejiya ba sai ya nemi bizar Ingila ba kafin ya ji kukan jitar lantarki a hannun ƙwararru. Idan ka bi ta Gumel ka ƙetare Maigatari, ka shiga ƙasar Damagaram, to ka shiga ƙasar da jita ta zama kayan kiɗan biki. Turawa ma sun sallama wa makaɗan wannan yanki.

Tinariwen. Su ne kakannin abin. Buzaye ne 'yan arewacin Mali, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa suka fara haɗuwa a garin Tamanrasset na Aljeriya a 1979, lokacin suna zaman gudun hijira. A kaset waƙoƙinsu suka fara yawo hannu da hannu a cikin Sahara. A Agustan 2007 su ne suka buɗe wa Rolling Stones wasa a Slane da ke ƙasar Ailan, a 2012 kuma suka ci kyautar Grammy da kundinsu Tassili. Cikin na farkon wasu sun rasu, matasa sun shigo, ƙungiyar na nan tana yawon duniya.

Mamar Kassey. Yacouba Moumouni, mai busa sarewa da aka fi sani da Denke Denke, shi ya kafa ta a Yamai a 1995. Suna haɗa jita da bes da molo da kalangu da ƙwarya.

Etran de L'Aïr. 'Yan uwan juna ne daga Agadas, tun 1995 suke kiɗan bukukuwan aure a garin kafin duniya ta san da su.

Tal National. Hamadal Issoufou Moumine, wanda ake kira Almeida, ya kafa ta a Yamai a 2000. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci. An san su da wasan sa'o'i biyar a dare ɗaya, kuma saboda yawan 'yan ƙungiyar sukan rabu gida biyu su yi wasa a wuri biyu lokaci guda. Kundinsu Kaani na 2013 shi ya fitar da su waje.

Na bayansu akwai Bombino ɗan Agadas da Mdou Moctar. Ga wani abu da masu son waƙoƙin fim za su ji daɗi: kundin Mdou Moctar na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan da ake sa wa waƙoƙin finafinan Hausa. Ashe dangantakar ta fi yadda muke zato kusa.

Namu na gida: ƙungiyar makaɗin Hausa

Tun kafin a san jita a ƙasar nan Bahaushe yake da ƙungiyar kiɗa mai tsari. Akwai jagora mai ba da waƙa, akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai kuma sanƙira ko maroƙi mai gabatar da mutane yana faɗin asalinsu. Kowa ya san aikinsa, kuma yawanci shekaru ake yi ana tare, ana tafiye-tafiye a mota ɗaya, ana raba abin da aka samu.

Alhaji Mamman Shata da kalangu da 'yan amshinsa shi ne babban misali. Ya rasu a watan Yunin 1999. Waɗanda suka gan shi a fili sukan ce abin da kaset bai kama ba shi ne yadda yake ƙirƙirar baiti nan take idan ya hango wani a cikin taro, makaɗansa kuma su bi shi ba tuntuɓe. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ƙungiyarsa ta kotso ta yi suna wajen amshi mai hawa-hawa, inda 'yan amshi ke karɓe baiti daga bakin jagora su ƙarasa shi. Barmani Choge ta Funtuwa da matan da ke kaɗa mata ƙwarya sun riƙe kiɗan amada har ta rasu a 2013. Garba Supa da Hassan Wayam sun riƙe kukuma. Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai ne da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya har ya rasu a Yunin 2015.

Ka lura da shekarun: 1991, 1999, 2013, 2015. Matashin da aka haifa bayan 2000 bai ga ko ɗaya daga manyan farko ba, sai dai a tsohon bidiyo mai dishi-dishi. A daidai wannan lokacin ne kuma fiyano ya mamaye waƙa. Da finafinan Hausa suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1990, mutum ɗaya a situdiyo da fiyanon Yamaha ya koma yana yin aikin makaɗa shida. Abin ya zo da sauƙi da araha, ya kuma haifar mana da waƙoƙin da muke ƙauna. Sai dai ya rage wa masu kaɗawa da hannu kasuwa, yara da yawa a gidajen kiɗa suka kama wata sana'a.

Haɗejiya: gurmi, fada da fadama

Idan ana maganar kiɗa a Haɗejiya, sunan da ke fara zuwa baki shi ne marigayi Alhaji Haruna Uji, makaɗin gurmi. Gurmi ɗan ƙaramin abin kiɗa ne: ƙoƙo da aka rufe da fata, da sanda, da tsirkiya biyu ko uku da ake kaɗawa da yatsu. Da shi Haruna Uji ya yi waƙoƙin soyayya da na zaman duniya da suka zaga Arewa ta rediyo da kaset, waƙarsa ta Jummai kuma har gobe ana nemanta. Duk wanda ya saurari yadda gurminsa ke maimaita salo ɗaya yana ɗan karkata shi, sannan ya saurari jitar Tinariwen, zai ji ƙamshin dangantaka. Dukkansu kiɗan tsirkiya ne mai tafiya kamar taku, wanda ke ba murya fili ta yi labari.

Ƙungiyar kiɗa mafi tsufa a garin kuwa tana fada. Masu tambari da kakaki da algaita da sauran makaɗan Sarki gado suke yi, uba ya bar wa ɗa, kuma sarautun kiɗa ne da su. Ba su da kundi, ba su da shafi a YouTube, amma duk hawan Sallah suna fitowa tare da Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ke kan gadon tun 2002. Matasa da yawa hankalinsu na kan dawaki da ado da ɗaukar hoto. Gwada wannan Sallar ka matsa kusa da masu algaita, ka ga yadda mai busa ke cika kumatu yana jan numfashi ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Wannan fasaha ce da ake shekaru ana koyo.

Sai kuma fadama. Garuruwan da ke bin kogin Haɗejiya, irin su Auyo da Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru a Yobe, mutanensu manoman shinkafa ne da masunta da makiyaya, kuma kowace sana'a da kiɗanta. Akwai gangar noma a wurin gayya, akwai kiɗan masunta, akwai kalangun 'yan dambe da na mahauta, akwai kiɗan 'yan kokawa, ga Fulani da sarewarsu. A cikin waɗannan akwai dattawan da suka fi shekara arba'in da ganga a kafaɗa, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukar su a na'ura mai kyau. In sun tafi, taken da ke kansu ya tafi.

Idan jagora ya rasu, ƙungiyar tana nan?

Wannan gardama ce da masoyan rok suka daɗe suna yi. Wasu na cewa Queen ba Freddie ba Queen ba ce. Wasu na cewa muddin masu jita da ganga na asali suna nan, to a je a kalla. Led Zeppelin su sun zaɓi su rufe shago da mai gangarsu ya rasu.

A wurinmu amsar ta fi sauƙi, don mun saba da cewa kyan ɗa ya gaji ubansa. 'Ya'yan Ɗanƙwairo sun ci gaba da kiɗan gidansu. Nasiru Garba Supa ya ɗauki kukumar mahaifinsa. Abin da ya kamata mai kallo ya riƙe shi ne kada ya je da niyyar jin muryar marigayi, domin ba zai ji ta ba, kuma zai dawo yana ƙorafi a banza. Abin nema shi ne tsofaffin hannu. Duba bayan magajin: in ka ga dattijo mai furfura riƙe da kalangu ko yana cikin 'yan amshi, wataƙila shi ne ya yi shekaru yana bin maigidan na asali. A hannunsa salon gidan yake. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kai-tsaye ne ko mamin?

Mun saba da gala da wasan Sallah inda mawaƙi zai hau dandamali, a saka waƙarsa daga filashi, shi kuma yana bin ta da baki. Wannan shi ne mamin. Ba laifi ba ne in an san abin da aka biya kuɗi a gani ke nan, amma daban yake da kiɗan kai-tsaye. Ga yadda ake ganewa:

1. Kayan kiɗa. In babu mai ganga, babu mai jita, babu mai kalangu, sai kwamfuta da mutum ɗaya a bayanta, to kiɗan dai ɗaukakke ne.

2. Numfashi. Mai waƙa da gaske za ka ji yana jan numfashi, muryarsa na ragewa idan ya kawar da makirfo daga baki.

3. Tsawon waƙa. Idan ta fara ta ƙare daidai da yadda take a wayarka, daƙiƙa ba ta ƙaru ba, ka san zancen. Ƙungiyar gaske takan ja waƙar minti biyar ta kai ashirin in fili ya yi daɗi.

4. Sabon baiti. Jagora na iya sako sunan garin ko na wani da ya shigo yanzu, 'yan amshi su karɓa.

5. Kuskure. Tsirkiya kan tsinke, murya kan shaƙe. Yadda tsofaffin hannu ke rufe ɓaraka ba tare da kiɗa ya tsaya ba, nan ake gane gwanaye.

6. Ɗaukewar wuta. In janareta ya mutu, mai mamin ya yi tsit. Mai kalangu ko a jikinsa.

A kuma yi wa tsofaffi adalci. Muryar ɗan shekara saba'in ba za ta hau inda ta hau yana ɗan talatin ba. Manyan mawaƙan rok ma sukan sassauta waƙa ƙasa don ta dace da muryarsu ta yanzu, wasu su zauna a kujera. Abin da tsufa ya rage na ƙarfi yakan mayar da shi ta wajen sanin inda za a ja da inda za a saki.

A ina, kuma yaushe?

Hawan Sallah ƙarama da babba, da bikin naɗin sarauta a Haɗejiya da gundumominta: nan ake ganin makaɗan fada da manyan baƙin makaɗa daga wasu garuruwa.

Kaka da rani: bayan an yanke shinkafa an kai amfani gida, aure kan yawaita, dambe da kokawa su tashi. Wannan ne lokacin makaɗan karkara. Da damina kuwa, musamman Agusta da Satumba, ambaliya kan yanke hanyoyin fadama kamar yadda aka gani a 2020 da 2022, kuma hankalin mutane ba ya kan wasa.

Bikin kamun kifi na Bade a Gogaram da ke Yobe: ba shi da nisa sosai da mu, kuma ana haɗa shi da kaɗe-kaɗen gargajiya.

Nijar: a Yamai da Agadas ƙungiyoyin jita a gidan biki suka fi wasa. Akwai kuma taron makiyaya na shekara-shekara a Ingal wajen watan Satumba. Wanda zai je ya fara binciken halin boda da tsaron hanya, ya tafi da takardunsa, ya kuma sami wanda ya san gari.

Ladabin kallo

Ka je da wuri. Lokacin da makaɗa ke ɗaure tsirkiya suna gasa fatar ganga yana da daɗin kallo, kuma a nan ake samun damar gaisawa. Dattijo ne, a gaishe shi yadda ake gaida dattijo: a rusuna, a ce Baba ko Alhaji, in mai sarautar kiɗa ne a kira shi da sarautarsa.

Ka nemi izini kafin ka ɗauki bidiyo, musamman a gidan biki inda akwai matan mutane. In ka saka a TikTok ko Facebook, rubuta sunan makaɗin da garinsu. Sau da yawa bidiyon tsoho kan yi yawo dubban mutane su kalla, ba wanda ya san ko wane ne, balle a gayyace shi wasa.

Ka yi kyauta, don da ita suke cin abinci. Amma a tuna dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma an hukunta mutane a kan haka a 'yan shekarun nan. Miƙa a hannu, ko a ba sanƙira, ko a tura ta asusu.

Kada ka tsaya a bakin lasifika. In ka koma gida kunnenka na ƙara, alama ce ya wahala, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa.

A kiyaye dokar gari. Wasu wuraren akwai ƙa'idar lokacin tashi daga kiɗan dare, kuma makaɗa kan dakata idan an kira sallah.

Sannan ka ajiye wayar na ɗan lokaci. Ɗauki minti biyu ko uku don tarihi, sauran ka kalla da idonka.

Wani aiki ga masu karatu

Kusan kowace unguwa da kowane ƙauye a ƙasar Haɗejiya akwai tsohon makaɗi da aka daina kira biki tun da masu saka kiɗa a na'ura suka shigo. Tambayi kakarka wa ya yi kiɗan aurenta, kuma ko yana raye. In yana nan, je ka gaishe shi, ka tambaye shi wa ya koya masa, da su wa ya yi yawo, wane take ne na wane gida. In akwai biki a gidanku, ku ware masa awa ɗaya kafin a kunna lasifika. Kuɗin da za a ba shi bai kai na hayar kujeru ba, kuma yaran gidan za su tashi suna cewa sun gani da idonsu.